Imel ɗin kasuwanci: kuskuren nahawu yana korar mai saye, ko iyayin 'yan boko ne kawai?

Yaron_Kawu_Dawanau:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da wata damuwa da nake so manya su sa mini baki. Ni nake rubuta wa kawuna imel. Ya fi shekara ashirin yana harkar riɗi da zoɓo a Dawanau, amma bai yi boko ba. A da mutanen Legas yake sayar wa, su su fitar waje. Bana ya yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje ta Najeriya, yana so ya fara fitarwa da kansa. Mun samu wani Baturke ta hannun wani abokin kawu, ya nemi samfur, muka aika, ya ce ya yi masa. Na rubuta masa bayanin kaya da yadda za a biya. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ƙanwata da ke karanta Turanci a jami'a ta duba saƙon, ta ce kurakuran nahawu sun yi yawa, su suka kore shi. Kawu kuma ya ce zancen banza ne, mai son kaya ba ya duba waƙafi. Don Allah wanne ne gaskiya? Abin ya tsaya mini a rai, domin gani nake ni na jawo wa bawan Allah asara.

Alhaji_Kwari77:
Wa alaikumus salam. Yaro, kwantar da hankalinka, kawunka ya fi ƙanwarka gaskiya. Na yi shekara goma sha biyar ina zuwa Guangzhou saro yadi. Mutanen da nake hulɗa da su Turancinsu bai kai na ɗan aji uku na firamare ba, nawa ma haka. Da kalkuleta muke ciniki: ya danna, in girgiza kai, in danna, ya girgiza kai, har mu daidaita. Ban taɓa rasa kwantena saboda nahawu ba. Baturken nan ko dai ya samu mai sauƙi a wani wuri, ko bai shirya ba. Kuɗi ke magana a kasuwa.

Sani_Singa:
Alhaji ya gama magana. Farashi ne kawai.

Malama_Mai_Alli:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ka ba ni dama in ɗan saɓa maka. Kai a Guangzhou kai ne mai saye, kuɗi na hannunka, kuma kana tsaye a gaban mutumin, yana ganin fuskarka, kana taɓa yadin da hannunka. Ko da bebanci kuka yi za a gama ciniki. Wannan yaron kuwa shi ne mai sayarwa, yana neman wanda bai taɓa ganinsa ba ya turo masa daloli daga wata ƙasa. Baturken bai ga kawu ba, bai ga sito ba, bai ga buhunan a jere ba. Abin da ya gani kawai shi ne layukan nan da aka rubuta. Su ne rigar kawu, su ne shagonsa, su ne fuskarsa.

Ni Turanci nake koyarwa a sakandare, kuma ina gaya wa ɗalibaina kuskure iri biyu ne. Akwai wanda muni kawai yake yi, kamar tabon manja a farar riga: an gane abin da kake nufi, an wuce. Akwai kuma wanda yake juya ma'ana gaba ɗaya, ka ce ka aika alhali za ka aika kake nufi. Na farkon mai saye zai iya kau da kai. Na biyun shi ke kai mutane kotu.

Alhaji_Kwari77:
Malama, na ji. Amma shi ma Baturken ai Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Da me zai gane kuskuren?

Malama_Mai_Alli:
Nan ne ma abin ya fi tsanani, Alhaji. Bature ɗan Ingila yana iya cankar abin da kake nufi ko jimlar ta karye, don harshensa ne. Wanda ya koya a makaranta kuwa, ko wanda zai kwafi saƙon ya zuba a manhajar fassara, abin da aka rubuta shi zai ɗauka. In ka ba manhaja karyayyen Turanci, abin da za ta fitar da Turkanci Allah kaɗai ya san shi.

Dan_Maradi_Transit:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni nan Maraɗi nake, aikin fiton kaya nake yi, kullum cikin rubuta saƙo da Faransanci da Turanci. Abin da ya fi ba mu wahala ba nahawu ba ne, lambobi ne. Mu da muka yi makarantar Faransanci, waƙafi muke sawa a wurin da ku kuke sa aya. In na rubuta 1,5 ɗaya da rabi nake nufi. In kuma wani ya rubuta 1.500 to dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Ku kuwa akasin haka. Turkawa irin tamu suke bi, aya ga dubbai, waƙafi ga ɓarin lamba. Don haka yaron kawu, duba yadda ka rubuta farashin. Ni yanzu duk kuɗin da na rubuta da lamba sai na sake rubuta shi da kalmomi a gefensa, in kuma faɗi ko dala ce ta Amurka, ko sefa, ko naira.

Ko tsakaninmu Hausawa ma akwai wannan. Mu in muka ce jikka guda, sefa dubu muke nufi, kuma da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar. Mutumin Kano da ya ji jaka, naira ɗari biyu ce a kansa. Harshe ɗaya, lissafi biyu.

Ummu_Hanan_Leshi:
Wallahi wannan muhawara ta taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ku bar ta Turanci, da Hausarmu ma an yi mini asara. Ina sayar da leshi da atamfa daga gida. Wata rana na tafi biki Zariya, na bar ƙanena da kaya. Akwai wata mata da ta zaɓi leshi uku, ta ba da rabin kuɗi, ta ce za ta zo ɗauka. Na san halinta wajen biya, sai na tura wa yaron saƙo cikin sauri: "wance zata zo, kada ka bata kayan." Ni nufina kada ya ba ta. Shi kuma ya karanta kada ya ɓata, wato ya kula kada su yamutse ko su yi datti. Ya ninke su tsaf, ya sa a leda mai kyau, ya miƙa mata. Wata bakwai ina bin ragowar kuɗin nan, har zumunci ya so ya lalace. Da na raba kalmar na rubuta "ba ta", da duk haka ba ta faru ba. Tazara ɗaya tak tsakanin harufa.

Malama_Mai_Alli:
Sannu Ummu Hanan. Irin wannan misalin nake nema wa ɗalibai kullum. Ga ɗan'uwansa: "bashi" da "ba shi". Mutum ya rubuta wa yaronsa "bashi kayan", shin ya miƙa masa ne don ya biya, ko a rubuta a littafin bashi?

Abba_Fone_Farm_Centre:
nidai gaskia banga wani abu aciki ba kowa yana gane abinda ake nufi ai ba jarabawa muke ba

Mai_Kishin_Hausa:
Abba, ɗan'uwa, ba don in ci maka fuska ba, amma yanzun nan Ummu Hanan ta gaya maka ƙanenta bai gane ba. Kowa yana ganewa ne har ranar da ba a gane ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, ɗan kasuwa zai biya kuɗi a gyara masa Turanci, amma in Hausa zai rubuta sai ya yi ta yadda ya ga dama, kamar ba ta da ƙa'ida. Tana da ita, kuma ba yau aka fara ba. Tun 1912 Hans Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, kakanninmu suka karanta ta da daidaitaccen rubutu. Harufa masu lanƙwasa ba ado ba ne. Kaya daban, ƙaya daban. Kasa daban, ƙasa daban. Kuma yanzu ba wani uzuri, Gboard, manhajar allon rubutu ta waya, yana da allon Hausa, ka shiga saituna ka ƙara shi, ɓ da ɗ da ƙ duk suna nan.

Dan_Maradi_Transit:
Har da ƴ ɗinmu ta Nijar tana ciki. Ku kuna rubuta 'ya'ya, mu muna rubuta ƴaƴa.

Baba_Na_Sabon_Gari:
Mai Kishin Hausa, ka yi gaskiya, amma akwai inda lanƙwasar ma ba ta ceto. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Yarona ya taɓa rubuto mini "mutumin ya fasa buhunan". Na tashi hankalina na ɗauka ya farke su ne yana duba cikin, ashe cewa ya yi ba ya saye. Duka biyun haka ake rubuta su. A irin wannan wuri sai dai mutum ya ƙara kalma: ya fasa sayen buhunan. Kalma ɗaya ba ta ƙare data.

Alhaji_Kwari77:
To kun ga kun bar maganar yaro kun koma makaranta. Shi Baturke yake tambaya.

Barista_Bompai:
Bari in dawo da mu, Alhaji. Ni ta ɓangaren shari'a zan duba. Mutane da yawa sun ɗauki imel kamar hira ce, ba su san takarda ce da za a iya ɗagawa a gaban alƙali ba. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da aka fitar daga kwamfuta a matsayin hujja in an cika sharuɗɗan. In ka yi tayi ta imel, wancan ya amsa ya ce ya yarda, a lokuta da dama an ƙulla ciniki ke nan. Ranar rigima kuwa ba za a tambaye ka me ke zuciyarka ba, abin da ka rubuta za a karanta. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuma ta fi, don ita ba a musunta ta.

A kan batun waƙafi da kawu ya raina: a jihar Maine ta Amurka direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst sun kai ƙara kan kuɗin aikin bayan lokaci. Rigimar duka a kan waƙafi ɗaya ce da babu shi a cikin jerin ayyukan da dokar jihar ta lissafa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2017 jimlar tana ɗaukar ma'ana biyu, ta karkata ga direbobin. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.

Sani_Singa:
Barista, wannan ai doka ce aka rubuta, ba imel ba. Mu da muke sayar da taliya da sukari ina ruwanmu da Maine?

Barista_Bompai:
Haka ne Malam Sani, doka ce. Na kawo shi ne don a ga yadda kotu take karatu. Idon da ta karanta dokar da shi, da shi za ta karanta saƙonka.

Hafsat_Export_Desk:
Ni ina aiki ne a wani kamfani da ke fitar da citta daga Kachia da zoɓo zuwa Mexico, ni nake kula da akwatin imel. Akwai abin da ba wanda ya faɗa tukuna, kuma yana da ɗaci. Saƙon da ya fito daga Najeriya yana shiga akwatin baƙo ne da tuhuma a kansa tun kafin a buɗe. Lambar nan 419, wadda sashe ce a kundin laifuffukanmu, duniya ta san ta. Shekaru da yawa 'yan damfara suna aika wasiƙu masu kama ɗaya: manyan baƙaƙe daga sama har ƙasa, gaisuwa mai zaƙi ga wanda ba a sani ba, gaggawa, sai a turo kuɗi. Ga kuma irin ta su Hushpuppi da aka kama a Dubai a 2020, masu shiga tsakanin kamfanoni ta imel su canza lambar asusu. Ma'aikatan kamfanonin waje horo ake ba su a kan su guji saƙo mai waɗannan alamomi.

To kai mai gaskiya in ka rubuta da irin wannan salo ba da saninka ba, ka sa rigar ɓarawo ke nan. Ba za su rubuto su ce maka sun yi zargi ba. Shiru kawai za ka ji. Ba adalci ba ne, yana ƙona mini rai, amma haka abin yake. Yaron kawu, in ba damuwa ka liƙo mana saƙon, ka goge sunaye da farashi da lambar asusu.

Yaron_Kawu_Dawanau:
To Anti Hafsat, ga shi. A taken saƙon na sa "URGENT BUSINESS". Cikin kuma:

"DEAR FRIEND, GOODS IS READY 38 TONS WE SHIP IT 05/06. PRICE IS FOB OR CIF. PAY 30% TO MY ACCOUNT URGENT AND REVERT BACK."

Sai na sa farashin da lambar asusuna, don na kamfanin kawu bai gama buɗuwa ba. Da adireshin imel ɗina na tun makaranta na aika.

Hafsat_Export_Desk:
Ƙanena, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, don in taimake ka ne. Da ni aka turo wa wannan, ba zan amsa ba. Duk alamomin da na lissafa suna ciki. Manyan baƙaƙe a imel ihu ne. Mutumin ya ba ku sunansa, me ya hana ka kira shi da shi? Gaggawa sau biyu a layi uku. Sannan kafin alƙalami zuwa asusun mutum, ba na kamfani ba, kuma sunan mai asusun ba shi ne sunan wanda aka yi magana da shi ba. Kuɗin kayan da aka fitar ta banki suke bi, da fom ɗin NXP, wato takardar da mai fitar da kaya ke cikewa ta banki, su dawo asusun kamfani. Mai saye da ya saba da Najeriya ya san haka.

Malama_Mai_Alli:
Ga kuma irin kuskure na biyu da na faɗa. "Goods is" tabon manja ne, zai wuce. Amma "we ship it" ba ta da lokaci. An riga an loda ne, ko za a loda? In an loda, wa ya ba da izini tun ba a biya ba? In za a loda, ranar nan alkawari ce ko hasashe? Mu a Hausa ba ma wasa da wannan: mun aika, muna aikawa, za mu aika, kowanne da wurinsa. Sai mun koma Turanci mu zubar da shi. Ita ma 05/06, Baturke zai karanta 5 ga Yuni kamar mu, amma Ba'amurke 6 ga Mayu zai gani, mutumin Sin kuma da shekara yake farawa. A rubuta sunan watan da harufa, a sa shekara, a huta.

Alhaji_Kwari77:
Yauwa! Yanzu na ga saƙon, kuma ina nan kan bakana. Babban ramin da ke ciki ba na nahawu ba ne. Yaro, farashi ɗaya ba ya zama FOB kuma ya zama CIF. A FOB ku naku ku kai kaya ku ɗora a jirgi a Apapa, kuɗin jirgi da inshora na mai saye ne. A CIF ku za ku biya jirgi da inshora har tashar da ya zaɓa, a ce Mersin ta Turkiyya. Tsakaninsu kuɗi ne masu yawa a kan kwantena biyu. Duk wanda ya ga an haɗa su a farashi ɗaya ya san mai rubutun bai taɓa fitar da kaya ba. Ko farfesan Turanci ne ya gyara jimlar, wannan ramin yana nan. Sanin harka ne ya yi ƙaranci.

Malama_Mai_Alli:
A nan na yarda da kai ɗari bisa ɗari, Alhaji. Sai dai ni a wurina duk abu ɗaya ne: a rubuta yadda mai karatu ba zai yi canke ba.

Alhaji_Kwari77:
A'a Malama, ba ɗaya ba ne. Ɗaya a aji ake koyonsa, ɗaya a kasuwa.

Baba_Na_Sabon_Gari:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, babu ko gaisuwar kirki a ciki. Mu da aka koya mana wasiƙa, sai an ce bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, sannan a ce dalilin rubuto maka wannan takarda. Yaran yanzu sai su faɗo wa mutum kamar an jefo su daga sama.

Hafsat_Export_Desk:
Baba, ya danganta da wanda ake rubuta wa. Abokan hulɗarmu Larabawa suna son gaisuwa, in ka tsallake ta sai su ga rashin ladabi. Turawan arewacin Turai kuwa layi ɗaya ya ishe su, in ka tsaya tambayar iyali da gajiya sai su ƙosa. Ni abin da nake yi, ina duba yadda mutum ya rubuto, in bi sawunsa. Amma Alhajin Dawanau ko na Maigatari in zan rubuta masa, dole in fara da sallama da ranka ya daɗe, ko da saƙon layi biyu ne.

Ummu_Hanan_Leshi:
Ni tun abin da ya same ni na koma saƙon murya. Ba ruwana da ɓata ko ba ta.

Barista_Bompai:
Hajiya, saƙon murya yana da daɗi, amma ranar da za ki nemi inda aka faɗi farashi cikin saƙonni ɗari biyu za ki gane kurensa. Ki yi muryar, sannan ki bi ta da layi ɗaya a rubuce: kaya kaza, kuɗi kaza, saura kaza, ranar biya kaza.

Khalifa_Data_Boy:
Duk wannan wahalar ta mece ce a wannan zamani? Ga ChatGPT, ga Grammarly. Ka rubuta yadda ka iya, ko da Hausa ma, ka ce a mayar maka da shi imel na kasuwanci. Minti ɗaya ya fito fes. Ni haka nake yi wa mutane a shagona.

Musa_Fata_Kofar_Wambai:
Khalifa, a yi hattara. Ni harkar fata nake, na taɓa ba wata manhaja irin wannan saƙona ta gyara. Ya fito da kyau har na ji daɗi, na aika ban karanta sosai ba. Ashe ta ƙara wata jimla mai cewa muna ba da tabbacin kaya za su isa cikin mako biyu. Ni ban faɗi haka ba, cewa na yi muna sa rai. Kaya suka makale a hanya, mutumin ya ɗago mini saƙona da kaina. Sai da na rage masa kuɗi kafin a rabu lafiya. Ita manhaja daɗin jimla ta sani, ba ta san abin da za ka iya cikawa ba. In ba ka iya karanta abin da ta fitar ka gane kowace kalma ba, nemi wanda zai karanta maka kafin ka danna.

Hafsat_Export_Desk:
Kuma kada a zuba lambar asusu da sirrin farashi a cikin waɗannan manhajoji. Wani abin kuma, 'yan damfarar ma yanzu da su suke rubutu, Turancinsu ya zama tas. Don haka kyan nahawu shi kaɗai ba ya nuna gaskiyar mutum kamar da. Abin da ke nunawa yanzu: lambar rajistar kamfani ta hukumar CAC a ƙasan saƙo, adireshin imel mai sunan kamfani, hoton kaya a sito, sakamakon gwajin samfur, asusu mai sunan kamfani.

Sani_Singa:
To kin ga kin dawo maganarmu da Alhaji. Nahawu ba shi ne ba.

Hafsat_Export_Desk:
Ban ce haka ba, Malam Sani. Kyansa ba ya isa, amma muninsa yana korewa.

Mai_Kishin_Hausa:
Ni tambayata, me ya sa ba za mu fara rubuta wa junanmu imel na kasuwanci da Hausa mai kyau ba? Ɗan Kano ya rubuta wa ɗan Damagaram da karyayyen Turanci, shi kuma ya amsa da Faransancin da wancan ba ya ji, alhali uwa ɗaya ta goya harshensu.

Dan_Maradi_Transit:
Muna yi, ɗan'uwa. Da mutanen Jibiya da Kano da Hausa nake rubutu. Takardun kwastan ne kawai dole sai da harshen gwamnati.

Yaron_Kawu_Dawanau:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da ake ciki. Shekaranjiya na zauna da ƙanwata da wani abokin kawu da ya saba fitar da kaya. Muka sake rubutawa. Na kira mutumin da sunansa, na ba shi haƙuri cewa saƙon farko bai fito da bayani ba. Muka sa kowane abu a layinsa: riɗi fari tan 38, kwantena biyu masu ƙafa 20, yana sito a Kano ba a loda ba tukuna, farashi FOB Legas da lamba da kalmomi, ranar da za mu iya lodawa da sunan wata. Na ce asusun kamfani zai biyo baya a takardar farashi mai hatimi, kada ya tura komai zuwa wancan na farko. Na haɗa hotunan buhuna da takardar NEPC.

Yau da safe ya amsa. Ya ce da ya ga saƙon farko ya ɗauka wani ne ya shiga tsakani, har ya kira wanda ya haɗa mu bai same shi ba. Amma ya ce farashinmu ya yi sama, yana da tayi daga wani wuri da ya fi sauƙi, in za mu rage a ci gaba da magana.

Alhaji_Kwari77:
Me na ce tun farko? Farashi.

Malama_Mai_Alli:
Alhaji, kwana goma sha ɗaya bai ce farashi ba, sai da aka rubuta masa abin da zai iya amsawa.

Alhaji_Kwari77:
Kuma da kawun ya ɗaga waya ya kira wanda ya haɗa su tun rana ta biyu, da an wuce wurin ba tare da an gyara ko harafi ɗaya ba. Yaro, gaya wa kawunka kada ya yi saurin ragewa. Ya tambayi mutumin ko wancan tayin FOB ne ko CIF, kuma riɗin wace ƙasa ne, tsabtarsa kashi nawa. Sau da yawa ba abu ɗaya ake kwatantawa ba.

Yaron_Kawu_Dawanau:
To Alhaji, zan gaya masa in ya dawo daga masallaci. Anti Hafsat, in na rubuta amsar zan iya turo miki ta akwati ki duba kafin in aika?

Hafsat_Export_Desk:
Turo, amma bayan la'asar, yanzu ina kan takardun wata kwantena. Ka cire farashin kafin ka turo.

Abba_Fone_Farm_Centre:
Mai Kishin Hausa, na saka allon. A ina ake samun ƙ babba? Ƙaramar kawai nake gani.